Ya Ƙi Tafiya, Ya Ƙi Buɗuwa: Abin Da Mai Zane Ya Kamata Ya Sani Kan Nauyin Fayil Kafin Ya Sabunta AutoCAD

Yau da masu zane a kwamfuta muke magana: ɗalibin injiniya ko na zanen gini a BUK, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko Kano Poly, wanda aka tura SIWES wata masana'anta, da kuma matashin da ya koyi AutoCAD a cibiyar kwamfuta ta unguwa, yanzu yake ɗan karɓar aiki, yau filan gida, gobe ƙofar get, jibi wani ƙarfen inji da ya karye ake son a yanko irinsa. In kai ne, ko ke ce, to a gyara zama.

Mu ɗauki Hotoro. Unguwa ce a gabashin Kano, a kan titin Maiduguri, ga gidaje da shaguna ana ta ginawa. Amma zanen da aka yi a wani ɗaki a Hotoro ba a nan yake ƙarewa ba. Injin da zai yanka farantin ƙarfen, ko ya sassaƙa mazubin roba, sau da yawa yana can wajejen masana'antu: Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa. Bompai da ɗan dama-dama. Sharaɗa kuwa sai ka bi ta Dangi ka ratsa Zoo Road, Challawa kuma ta fi ta nisa, sai ka nufi hanyar Panshekara. Shi ya sa kowa ya fi son ya tura fayil ta waya, ya huta da kuɗin adaidaita sahu.

A nan ne kuma ake samun amsoshi biyu da ke tayar wa mai zane hankali. Na farko daga wayarka: fayil ya tsaya a rabi, ya ƙi tafiya. Na biyu daga ɗaya ɓangaren: "Malam, abin nan naka ya ƙi buɗuwa." Duka biyun, laifin a kan sabuwar manhaja ake ɗora shi, wai tun da aka sabunta ta komai ya yi nauyi. Alhali cuta biyu ce daban-daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya ta nauyi ce, ɗaya ta zubin fayil. Wanda ya iya rarrabe su shi ke riƙe kwastoma.

Me ke cikin fayil ɗin zane?

Mu da muke karanta aikin jarida kullum cikin fama da hoto da bidiyo muke, don haka mun saba da fayil mai nauyi. Hoto ɗigo-ɗigo ne. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo miliyan 12, kowane ɗigo yana cin bait 3 na launi, ka ga megabait 36 ke nan kafin a matse shi.

Zanen AutoCAD ba haka yake ba. Shi lissafi yake adanawa. In ka ja layi, abin da fayil ke riƙewa shi ne inda ya fara da inda ya ƙare, sai launinsa da leyar da yake kai. In da'ira ce, tsakiyarta da faɗinta kawai. Saboda haka katangar mita 100 da ta mita 1 nauyinsu ɗaya a cikin fayil. Girman ginin ba shi ke kawo nauyi ba, yawan abubuwan da aka zana ne. Filan gida mai ɗaki uku da falo, in an zana shi da tsafta, bai kamata ya kai nauyin hoto ɗaya na wayarka ba. In ka ga ya kai megabait 30 ko 40, to akwai abin da ke ɓoye a ciki, kuma za mu zo kansa.

Dila da kauɗa

Matse fayil iri biyu ne, kuma duk ɗan Kano ya san su a kasuwa.

Akwai irin na dilar gwanjo. Ana danne kaya a ɗaure su tam, su zama ƙunshi ɗaya mai sauƙin ɗauka. Ranar da aka fasa dilar, kowace riga tana nan, ko maɓalli bai ɓace ba. Haka ZIP yake aiki. Dabarar da aka gina shi a kanta ta samo asali ne daga aikin wasu masana biyu, Abraham Lempel da Jacob Ziv, a 1977, shi kuma tsarin ZIP ɗin Phil Katz ne ya fito da shi a 1989. Dabarar mai sauƙi ce: in abu ya maimaitu, kada a sake rubuta shi, a nuna inda ya taɓa fitowa a baya. Kamar ɗan kasuwar Kwari ne da zai rubuta "atamfa 50" a rasit, maimakon ya rubuta kalmar atamfa sau hamsin.

Sai kuma irin na kauɗar tumatir. An shanya, ruwa ya tafi, ya yi sauƙin ɗauka, kuma zai yi miya. Amma ko ka jiƙa shi kwana uku ba zai koma ɗanyen tumatir ba. Haka JPEG yake yi wa hoto, haka kuma WhatsApp yake yi wa duk abin da ka tura a matsayin hoto: yana zubar da wani ɓangare don ya rage nauyi.

Zanen aiki ba ya jure kauɗa. In ka ɗauki hoton fuskar kwamfutarka ka tura wa mai walda, lambar 8 tana iya komawa kamar 3, kuma babu wani awo da za a iya cirewa daga hoto da tabbaci. Ƙa'idar farko ke nan: zane a tura shi a matsayin takarda, wato ta wajen da WhatsApp ya rubuta Document. Ta nan ba ya taɓa ko bait ɗaya, kuma tun 2022 yana karɓar fayil har gigabait 2. Gmail kuwa megabait 25 ne iyakar abin da za ka maƙala wa saƙo.

Shekarar da AutoCAD ya fara ɗaure dilarsa da kansa

Kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD a watan Disambar 1982, kuma fayil ɗinsa shi ne DWG. Shekara da shekaru wannan fayil a sake yake, ba a matse ba, shi ya sa iyayen gidanmu a sana'ar suka saba jefa shi cikin ZIP kafin su tura, kuma a lokacin yana raguwa sosai. Da AutoCAD 2004 ya fito a shekarar 2003 sai labari ya canja: manhajar ta fara matse fayil da kanta duk lokacin da aka adana, da dabara irin ta Lempel da Ziv ɗin nan. Kamfanin ya ce fayiloli sun ragu da kusan rabi.

Ka ga ashe sabuntawa mafi girma a tarihin wannan fayil rage nauyi ta yi. Kuma ga abin da hakan ke nufi gare ka yau: DWG ɗin da ke kwamfutarka dila ce da aka riga aka ɗaure. In ka saka shi a ZIP ko RAR, ɗan abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba. Masu ɓata lokaci suna matse fayil sau biyu sau uku, su daina wahalar da kansu.

Wani abin da da yawa ba su lura da shi ba: manhajar kan fito duk shekara, amma zubin fayil ɗin ba duk shekara yake canjawa ba. Zubin 2000 ya yi aiki har AutoCAD 2002. Na 2004 ya kai har 2006. Na 2007 har 2009. Na 2010 har 2012. Na 2013 ya daɗe har 2017. Daga nan sai zubin 2018, wanda manhajojin da suka biyo baya suka ci gaba da amfani da shi. Wato mai AutoCAD 2018 zai buɗe fayil ɗin mai 2024 lafiya lau, amma mai 2017 ba zai buɗe na mai 2018 ba, duk da shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Kana son ka san zubin fayil ba tare da ka tambayi kowa ba? Buɗe shi da Notepad. Za ka ga tarkacen rubutu marar ma'ana, amma dubi haruffa shida na farko. AC1015 zubin 2000 ne, AC1018 na 2004, AC1021 na 2007, AC1024 na 2010, AC1027 na 2013, AC1032 kuma na 2018. Ka duba kawai ka rufe, kada ka adana komai a wurin, don za ka lalata fayil ɗin.

Ba a ce sabuntawa ba ta taɓa ƙara nauyi ba. Zubin 2007 ya koma rubuta haruffa da tsarin Unicode, inda kowane harafi ke cin bait biyu, don haka zane mai yawan rubutu yana iya ɗan ƙaruwa. Amma mu Hausawa riba muka ci a nan, don da irin wannan tsari ne ɗ da ƙ da ɓ suke samun wurin zama, matuƙar salon rubutun da ka zaɓa yana da su. Irin wannan ƙari kuma ɗan kaɗan ne, ba shi ke mayar da megabait 1 ya zama 40 ba.

To daga ina nauyin yake zuwa?

Daga shara. Kuma yawancinta gado ce.

Ka san yadda muke yi. Ba wanda ke fara zane daga farar takarda. Ka karɓi fayil ɗin wani babban yaya a filashi, ka goge zanensa, ka yi naka a kai, saboda akwai ƙofofi da tagogi da kujeru a shirye. Shi ma haka ya karɓa daga wani. Abin da ka goge daga fuskar kwamfuta ya tafi, amma ma'anar kowane bulok, da kowace leya, da kowane salon layi da na rubutu, suna nan kwance a cikin fayil ɗin. Haka za ka tarar da filan shago ɗaya a Hotoro yana ɗauke da motoci da bishiyoyi da gadajen wani otal da ba ka taɓa gani ba.

Na biyu, fasa bulok. In ka mayar da ƙofa bulok ka saka ta sau 200, fayil sau ɗaya yake adana siffarta, sauran kuma wurin zamansu kawai yake riƙewa. Da zarar ka yi musu EXPLODE, kowace ƙofa ta koma layuka masu zaman kansu, sau 200. Haka abin yake, har ya fi muni, in ka fasa zanen cike gurbi irin na tayil ko bulo: abu ɗaya ya koma dubban gutsattsarin layi.

Na uku, hoto. In ka jingina hoto ta hanyar ATTACH, yana zaune a waje, fayil ɗin adireshinsa kawai ya riƙe. In kuwa kwafo shi ka yi ka liƙa kai tsaye, ya shige ciki gaba ɗayansa. Tambarin kamfani ɗaya a kusurwar takarda yana iya fin duk zanen nauyi.

Na huɗu, zanen da aka juyo daga PDF. Tun AutoCAD 2017 akwai umarnin PDFIMPORT, kuma yana da amfani, amma sau da yawa rubutu da lanƙwasa suna shigowa ne a matsayin ƙananan layuka barkatai.

Na biyar, sharar da ido ba ya gani. Lokacin da AutoCAD 2008 ya kawo jerin sikeli na rubutu da awo, jerin ya riƙa kumbura yana bin fayiloli daga hannu zuwa hannu, har aka riƙa samun ɗaruruwa a fayil ɗaya. Daga baya aka yi fama da salon layukan DGN, waɗanda ke maƙalewa a duk abin da aka kwafa daga fayil mai ɗauke da su, har sai da Autodesk ya fitar da gyara na musamman, sannan ya saka maganin a cikin AutoCAD 2015. Ga kuma sunayen ƙananan manhajoji da suka taɓa taɓa fayil ɗin, su ma suna taruwa. Irin wannan shara kamar mura take, kwafi ɗaya ya isa ta kama sabon fayil.

Na shida, yadda manhajar ke adanawa. Don ta yi sauri, ba kullum take sake rubuta fayil daga farko ba, sai ta ƙara sabon abu a kan tsohon, ta bar gurbin da ba a amfani da shi. Akwai saiti mai suna ISAVEPERCENT da ke iyakance wannan, kuma a kan 50 yake zuwa. Wato fayil na iya ɗaukar fanko mai yawa kafin ta sake rubuta shi tsaf.

Shara kafin tafiya

Abin daɗin shi ne tsintsiyar tana cikin manhajar, ba sai ka sayi komai ba. Kafin ka fara, yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe, ka yi aikin a kan kwafin.

Fara da ZOOM, ka zaɓi Extents. In zanenka ya koma ɗan ɗigo a kusurwa, to akwai wani tarkace can nesa da aka manta, nemo shi ka goge. Sai ka rubuta AUDIT ka amsa da Y, ya gyara kurakuran cikin fayil. Sai PURGE, ka share duk abin da ba a amfani da shi, ka maimaita har ya ce babu saura, don wani bulok a cikin wani yake ɓuya. Sai ka sake rubuta shi da ƙaramin layi a gaba, -PURGE, ka danna R, ya kwashe sunayen manhajojin nan. SCALELISTEDIT zai mayar da jerin sikeli yadda yake tun asali. OVERKILL zai cire layukan da suka hau kan juna. Daga ƙarshe ka yi SAVEAS da sabon suna, ka kwatanta nauyin da na farko.

In duk da haka ya ƙi sauka, akwai maganin ƙarshe: WBLOCK. Ka zaɓi abin da kake so kaɗai, ka fitar da shi zuwa sabon fayil. Kamar tashi ne daga tsohon gida, ka ɗauki kayan da kake amfani da su, ka bar komatsan a can.

ZIP fa, ba shi da sauran amfani ke nan? Yana da shi, amma na tattarawa. In zanenka ya jingina da wasu fayiloli, ko hotuna, ko wani salon rubutu na musamman, ka tura DWG shi kaɗai, to a can za a buɗe a ga rabin gini babu. Umarnin ETRANSMIT yana tattaro duk abin da zanen ya dogara da shi ya ƙulle su a ZIP ɗaya. Ya fi ka matse jakar fayilolin gaba ɗaya da hannu, don a nan za ka haɗa da fayilolin BAK, waɗanda kwafin zanen ne na baya, nauyi ya ninka a banza. Kuma in ka ga wani fayil mai suna acaddoc.lsp a jakar da aka turo maka, alhali ba wanda ya ce maka ya saka shi, kada ka buɗe zanen daga cikin jakar. Da wannan suna wasu ƙwayoyin cutar AutoCAD suke yawo a filashi.

Sabo yana gane tsoho, tsoho ba ya gane sabo

Yanzu mu koma cuta ta biyu. Fayil ya yi sauƙi, ya tafi cikin daƙiƙa biyar, amma an ce ya ƙi buɗuwa. Wannan ba ruwansa da nauyi. Ka adana da sabon zubi, su kuma tsohuwar manhaja ce a wurinsu.

Kada ka yi saurin cewa sun ci baya. Kwamfutar da ke jone da injin yanka ba abin wasa ba ce. An saita ta da injin tun ranar da aka kafa shi, tana aiki, kuma mai masana'anta ba zai taɓa ta ba don wani yaro ya sauke sabuwar manhaja jiya. Ga kuma tsada. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai dai haya ta wata ko ta shekara, farashin kuma da dala yake tafiya, kowa kuwa ya san abin da ya sami naira tun watan Yunin 2023. Ga shi daga AutoCAD 2020 manhajar ta daina hawa kan Windows mai bit 32. Wanda ke da tsohon lasisi da tsohuwar kwamfuta yana da dalilinsa na zama inda yake.

Saboda haka nauyin a wuyanka yake. Mai tambaya ba ya ɓata: kafin ka tura, kira ka ce, "Ranka ya daɗe, wace shekarar kuke amfani da ita a wurin?" Sai ka yi SAVEAS ka zaɓi zubin da ya dace. In kullum da mutanen nan kake aiki, shiga Options, ɓangaren Open and Save, ka mayar da zubin ya zama na dindindin. In kai ne aka turo wa fayil ɗin da ya fi ƙarfin manhajarka, akwai DWG TrueView na Autodesk, kyauta ne, yana buɗewa kuma yana juyar da fayil zuwa tsohon zubi. Akwai kuma ODA File Converter, shi ma kyauta.

Sai dai a kula da abu biyu. In ka sauka har zubin 2000, ka koma zamanin da ba a matse fayil, don haka zai kumbura. Kada ka firgita, a nan ne ZIP zai yi maka rana. Sannan abubuwan da sabuwar manhaja ta ƙirƙiro, tsohuwa ba lallai ta iya gyara su ba. Ka riƙe asalin fayil ɗinka a sabon zubi, ka tura kwafi.

Masu Revit kuwa, ku buɗe kunne da kyau. Shi ba ya komawa baya sam. In ka buɗe aikin ofis da sabuwar shekara ka adana, babu hanyar mayar da shi tsohuwar, kuma duk wanda bai sabunta ba an rufe masa ƙofa. Ɗalibin SIWES da ya yi wannan a kan aikin mutum biyar, ranar sai ya gwammace bai zo ba.

Abin da mai inji yake so

Mai yankan ƙarfe da leza ko filasma galibi DXF zai ce ka kawo. Shi ma tun 1982 yake, an yi shi ne don manhajoji daban-daban su fahimci juna. Yawanci rubutu ne zalla, ba a matse ba, don haka ya fi DWG nauyi nesa ba kusa ba, amma yana matsuwa sosai a ZIP.

A nan tsaftar fayil ta wuce maganar data, ta zama maganar ƙarfe. Inji ba ya tunani, abin da ya gani shi yake bi. In layi biyu suka hau kan juna, sau biyu zai bi wurin, ya ƙona bakin ƙarfen ya ci lokaci. In siffar ba ta rufe ba, manhajar injin tana iya ƙin karɓarta. In ka bar awo da rubutu da katangar takarda, sai wani ya zauna ya cire su, ko a yanka har da su. Ka tura siffar kaɗai, a girmanta na gaskiya, ɗaya bisa ɗaya. Ka faɗi ma'aunin da ka yi amfani da shi, don inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma in aka samu saɓani abin zai fito ya ninka ko ya ƙanƙance sau 25 da ɗoriya. In tsohon DXF na R12 suka nema, ka sani shi bai san lanƙwasar SPLINE ba, za a mayar da ita gajerun layuka, sai ka buɗe ka duba ko ta yi santsi kafin ka tura. Ka haɗa da PDF mai awo, don mai aikin ya gwada abin da ya buɗe da abin da kake nufi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Farantin ƙarfen da aka yanka ba daidai ba ba ya komawa, sai dai a sake nufar Ƙofar Ruwa a sayo wani, kuma ka san wanda za a kalla. Lokacin inji ma kuɗi ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, in babu wutar KEDCO kuma sai dizal. Mai masana'antar da ya tsayar da ma'aikaci awa guda yana gyaran fayil ɗinka ba zai yi maka faɗa ba. Gobe dai wani zai kira.

Kafin ka danna sabuntawa

Ta ɓangarenka ma akwai lissafi. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A ce fayil ɗinka megabait 40 ne, kwastoma ya sa an yi gyara sau biyar, kowane gyara ka tura wa mutum uku: megabait 600 ke nan a kan aiki ɗaya. In ka share shi ya koma megabait 2, duka-duka 30 ne. Su ma masu saukewa datarsu ce ke tafiya. Manhajar kanta kuma gigabait da yawa ce, kuma kowace sabuwa ta fi ta baya son ƙarfin kwamfuta. Laftof ɗin gwanjo da ka sayo a Beirut Road, mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, tana iya jan tsohuwa lafiya, sabuwa kuma ta durƙusar da ita.

Don haka kafin ka sabunta, tambayi kanka abu uku. Akwai wani aiki da sabuwar ke yi wanda nake buƙata yanzu? Kwamfutata za ta ɗauka? Mutanen da nake tura wa aiki za su iya buɗewa? In ɗalibi ne kai, Autodesk yana ba da lasisin karatu kyauta na shekara guda, ana sabunta shi muddin kana makaranta, amma don koyo ne, ba don aikin kuɗi ba. In aikin kuɗi kake yi kuma lasisi ya fi ƙarfinka, akwai LibreCAD don zanen shimfiɗe da FreeCAD don zane mai siffa uku, duka kyauta ne kuma halal, suna kuma fitar da DXF. Sun fi maka fasasshiyar manhajar da ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba.

Ga ɗan aikin gida. Yau da daddare, in an kawo wuta, ɗauko fayil mafi nauyi a kwamfutarka, ka rubuta nauyinsa a takarda. Yi masa sharar da muka lissafa, ka sake dubawa. Sannan ka buɗe sabon fayil mai tsafta, ka zuba leyoyinka da ƙofofinka da tagoginka kaɗai, ka adana shi a matsayin wanda za ka riƙa fara kowane aiki da shi. Daga ranar ka daina gadon sharar wasu. In kana da ƙani ko ƙanwa da ke shirin tafiya SIWES, nuna musu su ma tun kafin su tafi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.